“Continue” da 'yan'uwanta: yadda za ka faɗi “ci gaba” da Turanci ba tare da tuntuɓe ba

Wata rana ina duba rubutun ɗaliban da nake yi wa darasin yamma, masu shirin jarrabawar WAEC, sai na ci karo da wannan jimla: “Our town has continued very much since they brought electricity.” Ba harafin da ya ɓata, lokacin aikatau ma daidai yake, amma jimlar ba ta faɗi komai ba. Na kira yaron na ce, “To, garin naku me ya ci gaba da yi?” Ya ɗan sosa ƙeya ya ce, “Malam, ai ba wani abu ya ci gaba da yi ba, ci gaba kawai ya samu.” Na ce masa to nan gizo ke saƙar.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Tun muna firamare aka ce mana “continue” ita ce “ci gaba”, muka haddace muka rufe littafi. Alhali “ci gaba” a Hausa babbar riga ce, kowa ya sa sai ta shige shi. Da ita gari ke bunƙasa, da ita malami ke ɗorawa daga inda ya tsaya jiya, da ita ruwa ke ƙin ɗaukewa, da ita mai unguwa ke ba mai ƙara izinin ƙarasa bayaninsa. Turanci kuwa yayyanka yadin ya yi, ya ɗinka wa kowace ma'ana tata rigar. Abin da za mu yi a nan shi ne mu bi su daki-daki mu ga wace riga ce ta wa.

Mataki na farko: raba ci gaban yi da ci gaban samu

Kafin ka buɗe baki, duba “ci gaba” ɗin da ke zuciyarka ka ga ko “da” na biye da ita. Ci gaba da karatu, ci gaba da magana, ci gaba da tafiya. In tana nan, ko kuma za a iya sa ta ba tare da ma'ana ta gurɓace ba, to kana cikin gonar “continue”. In kuwa za ka iya cire “ci gaba” ka sa “bunƙasa” ko “haɓaka” a wurinta, ka fita daga gonar gaba ɗaya. Can “develop” da “progress” da “improve” ke mulki. Abin da yaron nan ya kamata ya rubuta shi ne “Our town has developed a lot since electricity came.” Ƙasashen da suka ci gaba su ne “developed countries”. In kana so ka ce ana samun ci gaba, sai ka ce “We are making progress”, kuma ka lura ba a sa mata “a” a gaba, ba a kuma yi mata jam'i a wannan ma'ana.

Hanyar da nake tuna wa ɗalibai wannan bambanci ita ce karin maganar nan ta ci gaban mai haƙan rijiya. Shi kam “continue” yake yi sosai, haƙa yake ba ji ba gani. “Progress” ɗin ne ake tababa a kai, tunda ƙasa yake yi.

Mataki na biyu: san kalmar kanta

Gaɓoɓinta uku ne: kan-TIN-yu. Nauyin murya a gaɓar tsakiya yake, ta farko kuma a sassauce ake faɗinta. Da yawanmu kan danna ta farkon mu ce KON-ti-niyu. Za a gane ka, amma a jarrabawar furuci maki ne ka zubar.

Wajen rubutu, “continues” da “continued” ba su da rigima. Wadda ke kayar da mutane ita ce “continuing”: harafin “e” na ƙarshe faɗuwa yake yi kafin a liƙa “ing”.

Asalinta kuwa ba 'yar gida ba ce a Ingila. Ta shigo Turanci a ƙarni na 14 daga Faransanci, inda take “continuer”, shi kuma Faransanci ya gada daga Latin. Saiwar can ƙasa tana nufin riƙe abu a haɗe, kada ya tsinke. Shi ya sa ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci ba ya shan wahalar gane ta. Sanin wannan asali yana da amfani, domin a Turanci kalmomin da suka zo ta Faransanci da Latin sun fi nauyi da kama da harshen ofis, su kuwa tsofaffin 'yan gida irin “go” da “keep” na hirar yau da kullum ne. Mu ma muna da irin wannan: “ya yi wafati” da “ya mutu” abu ɗaya suke faɗi, amma kowa ya san ba a wuri ɗaya ake faɗinsu ba.

Mataki na uku: me ke biyo bayanta?

Nan ne aikin yake, don haka a ɗan zauna.

Tana iya tsayawa ita kaɗai, ba karɓau. “The rain continued all night”, wato ruwa ya kwana yana zuba. “Please continue”, wato bismillah, ci gaba.

Tana iya ɗaukar suna kai tsaye. “She continued her studies in Zaria”, ta ci gaba da karatunta a Zariya. Tana kuma iya ɗaukar sunan ta hannun “with”: “She continued with her studies.” Duka biyun daidai ne. Mu Hausawa mun fi karkata ga “with” saboda “da” ɗinmu na jan mu, kuma ba laifi a nan. Laifin sai in aikatau ne ya biyo baya, mutum ya ce “continue with read”. Wannan ba Turanci ba ne.

In aikatau ne zai biyo, hanya biyu ce kacal. Ko dai “to” da aikatau tsurarsa, ko kuma aikatau mai “ing” ba tare da “to” ba. “He continued to talk” da “He continued talking” duk ya ci gaba da magana suke nufi, ba wani bambancin ma'ana da za a kama. Abin da ba a yi shi ne haɗa su biyun a ce “continued to talking”, ko a watsar da duka a ce “continued talk”. Na fi ganin kuskuren farko a rubutun ɗalibai fiye da kowane, kuma kusan kullum daga masu ƙoƙari yake fitowa, waɗanda suka san dokokin biyu suka ga gara su haɗa don kada su rasa.

Akwai wuri ɗaya da kunne ke zaɓar maka. In ita “continue” ɗin ta riga ta ɗauki “ing”, kada ka ƙara mata wani a baya. “Prices are continuing to rise” ya fi “Prices are continuing rising” daɗin ji nesa ba kusa ba. Haka kuma aikatan da ke nuna hali ko zama, irin “exist” da “believe” da “be”, sun fi sakewa da “to”: “It continues to be a problem”, har yanzu matsala ce.

Ga wasu ƙananan hanyoyi da ke da amfani ga mai karanta jarida. “Continue as” na muƙami ne: “He will continue as chairman”, zai ci gaba da zama shugaba. “Continue in office” shi ne zarcewa a kan kujera. Hanya ma tana “continue”, ko da yake ba ta motsi: “The road continues to Katsina”, hanyar ta miƙe har Katsina. A labari kuma, in mai magana ya numfasa ya ɗora, marubuci kan rubuta “he continued”, daidai da “ya ƙara da cewa” ko “ya ci gaba da cewa” na 'yan jaridarmu. A ƙasan shafi za ka ga “continued on page 12”, wani lokaci a taƙaice “cont'd”, ci gaba a shafi na 12 ke nan. Fim mai dogon zango in ya kai inda za a bar ka da zulumi, sai a rubuta “to be continued”, mu haɗu a kashi na gaba.

Wata 'yar shawara: za ka ji ana cewa “continue on”, musamman a bakin Amurkawa. Ba a ɗaure kowa a kansa ba, amma a rubutun jarrabawa ko wasiƙar ofis bar “on” ɗin, kalmar ta riga ta ƙunshe shi.

Mataki na huɗu: an tsaya ne, ko ba a tsaya ba?

“Continue” tana aiki ko an tsaya ko ba a tsaya ba. Ruwan da ya kwana yana zuba bai tsaya ba. Taron da aka ce “will continue after the prayer” kuwa an tsaya an yi salla an dawo. Amma akwai kalmar da aikinta ɗaya tak, dawowa kan abu bayan an katse shi. Ita ce “resume”, ana faɗinta ri-ZIYUM, da “z”. A Hausa “koma” ko “ɗora daga inda aka tsaya” ne suka fi kusa da ita. Makaranta ta yi hutu ta dawo: “Classes resume on Monday.” An dakatar da tattaunawa an koma teburi: “Talks have resumed.” In aikatau zai biyo ta, mai “ing” take karɓa: “They resumed working.” Ba a cewa “resumed to work”.

Sharaɗinta shi ne sai an taɓa farawa. A nan ne Turancin Nijeriya ya yi nasa reshe. A ofisoshinmu, sabon ma'aikacin da bai taɓa taka ƙofar wurin ba ana ce masa ya yi “resume” ranar Litinin, mai gadin da ke zuwa kowace safiya ma ana tambayarsa ƙarfe nawa yake “resume”. A cikin gida kowa ya gane. Amma wani ƙanena ya taɓa samun aiki da wata ƙungiya ta ƙasashen waje, ya aika saƙon godiya ya rufe da “I am ready to resume on Monday.” Matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta maido masa da amsa cikin ladabi tana tambaya ko ya taɓa aiki da su a baya, don ba ta ga sunansa a tsofaffin takardu ba. Ya kawo min wayar hankali a tashe yana cewa, “Yaya, ko dai sun ɗauka wani ne daban?” Na ce a'a, kai ne ka ce musu komawa za ka yi. Abin da ya dace shi ne “I am ready to start on Monday”, ko in ana son harshen gwamnati, “assume duty”, wato kama aiki.

'Yan'uwanmu na Nijar kuma nasu tarkon daban ne. A Faransanci “résumer” taƙaitawa take nufi, ba komawa ba. Wanda ya ɗauko ta haka ya ce “Let me resume the story” da nufin bari in taƙaita labarin, Bature zai gyara zama ne yana jiran a ɗora. Taƙaitawa a Turanci “summarise” ce. Sannan Amurkawa suna kiran takardar tarihin karatu da aiki, wadda muka fi sani da CV, da sunan “résumé”, ana faɗinta RE-zu-mei, kuma sau da yawa ba sa sa mata alamomin nan na sama. In ka ga “send your resume”, ba komawa aka ce ka yi ba, takardarka ake nema.

Mataki na biyar: “proceed”, kalmar mai hula da kaki

Ita wannan ta hukuma ce: filin jirgi, kotu, banki, barikin soja. Ma'anarta wucewa zuwa mataki na gaba, sau da yawa bayan an ba da izini. Abin da ke biye da ita ne ke nuna inda ta dosa. “Proceed to” da sunan wuri tafiya ce: “Passengers should proceed to Gate 4”, fasinjoji su wuce ƙofa ta 4. “Proceed with” aiwatar da abin da aka shirya ne: “We will proceed with the plan”, ba fashi, za a yi. “Proceed to” da aikatau kuma yana nufin mutum ya gama wani abu ya shiga wani, kuma sau da yawa da ɗan mamaki ko ba'a a ciki: “He said he was not hungry and proceeded to finish the food”, ya ce ba ya jin yunwa, sai ga shi ya share kwanon tas.

A na'urar cirar kuɗi da manhajojin banki za ka riƙa ganin “Proceed” ko “Continue” a gefe ɗaya, “Cancel” a ɗaya gefen. A nan duk abu ɗaya ne: ka amince a wuce. Amma ka dakata kaɗan in wani shafin intanet ya nuna maka “Continue with Google” ko “Continue with Facebook”. Wannan ba wucewa kawai ba ce. Cewa ake ka shiga da asusunka na can, kuma in ka danna, shafin zai karɓi wasu bayananka, kamar suna da adireshin imel. In ba ka yarda da shafin ba, kada ka danna.

Hattara da rubutunta. Aikatau uku ne kawai a Turanci ke ƙarewa da “ceed”: “proceed”, “exceed” da “succeed”. Amma “procedure”, wato ƙa'idar yin abu, “e” ɗaya gare ta bayan “c”. Kada kuma ka haɗa ta da “precede”, wadda ke nufin gabata, zuwa kafin wani abu. Sai “proceeds” mai “s” a matsayin suna, wadda nauyinta ke gaɓar farko: kuɗin da aka samu daga ciniki ko gidauniya ne. “Proceedings” kuma zaman kotu ne ko bayanan abin da ya gudana a taro. Gida ɗaya suka fito, sana'a daban-daban.

Mataki na shida: na bakin titi, “go on”, “carry on” da “keep on”

In ka saurari Turawa suna hira a tsakaninsu, za ka yi mamakin ƙarancin “continue” a bakinsu. Waɗannan ukun ne ke ɗaukar kayan. Sai dai kowace tana da wata fuska ta biyu da ƙamus ƙarami ba ya nunawa.

Fara da “go on”. “Go on, I am listening”, ci gaba, ina jin ka. Amma “What is going on?” ba tambayar ci gaba ba ce, me ke faruwa ake nufi. “Go on, taste it” kuma zuga ce, kamar ka ce haba ɗanɗana mana. “He went on and on” ƙorafi ne, ya yi ta zuba kamar kanya ba ya ko numfashi. Babban abin lura shi ne, dokar da muka ce “to” da “ing” ɗaya ne a wajen “continue” ba ta aiki a nan. “She went on teaching” na nufin ta ci gaba da koyarwar da take yi. “She went on to teach” na nufin daga baya ta shiga koyarwa, bayan ta gama wani abu daban. A tarihin manyan mutane za ka yi ta cin karo da irin ta biyun: “He went on to become governor”, daga bisani ya zama gwamna. Masu shirya tambayoyin cike gurbi suna son wannan wuri ƙwarai, don sun san nan ake zamewa.

“Carry on” ta fi yawa a bakin mutanen Birtaniya. Shugaba ya shigo ofis kowa ya miƙe, sai ya ce “Carry on”, ku ci gaba da aikinku. Tana ɗaukar “ing” ko “with”: “carry on working”, “carry on with your work”. Ba ta ɗaukar “to” da aikatau a wannan ma'ana. Tana kuma ɗauke da ƙamshin juriya, ci gaba duk da wuya. A 1939, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta buga wata takardar mannawa mai cewa “Keep Calm and Carry On”, wato a kwantar da hankali a ci gaba da harka. An buga sama da kwafi miliyan 2, amma kusan ba a manna su ba. Sai a shekarar 2000 aka tsinci guda a wani kantin tsofaffin littattafai a garin Alnwick na arewacin Ingila, daga nan ta bazu duniya, har ga ta yau a rigunan gwanjo.

Fuskokinta na biyu kuwa suna da yawa. A takardun rajistar kamfani, irin waɗanda ake kai wa hukumar CAC, “to carry on business” gudanar da kasuwanci kawai yake nufi, ko yau aka fara. In aka ce “Stop carrying on like a child”, ka daina haukan yara ke nan, hayaniya da ɓaɓatu. In kuma aka ce wane “is carrying on with” matar wane, to zancen ya ɓaci, neman banza ake nufi. Saboda haka “carry on with” aiki za ka sa mata a baya, kada ka sa sunan mutum sai ka tabbata abin da kake son faɗi ke nan. A filin jirgi “carry-on” jakar hannu ce da kake shiga da ita ciki. Kada kuma ka ruɗa ta da “carry out”, wadda ke nufin aiwatarwa, ko “carry over”, wadda duk wanda ya yi jami'a a Nijeriya ya san ɗacinta, wato maimaita darasin da ba a ci jarrabawarsa ba.

“Keep on” ita ce ta fi kusa da “dinga” da “riƙa” da “yi ta” namu. “The child kept on crying”, yaron ya yi ta kuka. Kana iya jefar da “on” ɗin ka ce “kept crying”, ma'ana tana nan, sai dai “on” na ƙara nauyin naci, wani lokaci har da gundura. “Ing” kaɗai take karɓa. “Keep on to try” kuskure ne tsagwaronsa. Abin da malami ke rubuta wa ɗalibi mai ƙoƙari a katin sakamako kuma “Keep it up” ne, ba “Keep it on” ba. Na biyun cewa ne kada ka tuɓe rigar, ko kada ka kashe fitilar.

Mataki na bakwai: 'ya'yan gidan

Biyu ne ke rikita har su masu harshen: “continuous” da “continual”. A bisa tsohuwar ƙa'ida, ta farko abu ne da ba ya yankewa sam, kamar ƙarar injin niƙa daga safe zuwa azahar. Ta biyu abu ne mai tafiya yana dawowa, kamar ɗauke wutar lantarki: “continual power cuts”. In da “continuous” ce, ai da ba a kawo ta ba ke nan tun farko. Turawan yau sukan cakuɗa su, kuma ko C.A. ɗin makarantunmu, wato “continuous assessment”, in aka bi ƙa'idar sosai gwaji ne da ake yi jefi-jefi. Haka sunan ya zauna, haka za ka rubuta shi. Hukumar zaɓe ta INEC ma tana kiran rajistar masu zaɓe da ake yi tsakanin zaɓuɓɓuka “Continuous Voter Registration”. Wajen rubuta “continuous” ka kula da wutsiyar: u, o, u, s.

“Continuation” ci gaban abu ne, kashi na biyu ko ƙarin da aka ɗora. “Continuity” kuwa ɗorewa ce ba tare da sauyi ba, kuma 'yan siyasa na ƙaunarta in suna neman wa'adi na biyu. Mu a Hausa mun daɗe da raɗa wa abin suna, tazarce, tun zamanin Janar Sani Abacha a 1998, sannan kalmar ta sake tashe a Nijar a 2009 lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin shekaru 3. Sai dai ka lura, wanda ke goyon baya ne ke cewa “continuity”. Jaridun Nijeriya in suna suka, “self-succession” ko “tenure elongation” suke rubutawa. Mai fassara da ya mayar da tazarce “continuity” kai tsaye ya ɗauki ɓangare bai sani ba.

“Discontinue” ita ce kishiya: dainawa. A takardar magani in ka ga “discontinue use”, a daina sha ko shafawa ake nufi.

Mataki na takwas: wurare biyu da kalmar ke juya baya

A kotunan Amurka, in aka ce “The hearing was continued to May 10”, ba ci gaba aka yi da zaman ba, ɗage shi aka yi zuwa 10 ga Mayu. Ɗagewar kanta sunanta “continuance”. A kotunan Nijeriya “adjourn” ake cewa. Mai fassara labaran ƙetare ya kiyaye wannan, don yana iya sanar da jama'a ana can ana shari'a alhali alƙali ya tashi.

Masu koyon rubuta manhajar kwamfuta kuma za su haɗu da ita a harsuna irin Python da C da Java. A can, in umarni yana zagayawa yana maimaita kansa, “continue” na nufin tsallake abin da ya rage a wannan zagaye ka faɗa na gaba. Mai fitar da kai daga zagayen ɗungurungum ita ce “break”.

Mataki na tara: gwada da hannunka

Ɗauki takarda ka juya waɗannan zuwa Turanci kafin ka leƙa amsa. Ɗaya, an koma makaranta jiya. Biyu, ya yi ta buga min waya har na kashe ta. Uku, bayan ta gama digiri ta zama lauya. Huɗu, kasuwancinsa ya ci gaba sosai bana. Biyar, farashin masara na ci gaba da hawa. Shida, in ka biya kuɗin sai ka wuce ɗaki na 3.

Ta farko an tsaya an dawo, don haka “School resumed yesterday.” Ta biyu naci ne mai gundura: “He kept on calling me until I switched off the phone.” Ta uku an bar wani abu an shiga wani: “After her degree she went on to become a lawyer.” Ta huɗu ita ce ramin da ɗalibina ya faɗa, bunƙasa ce: “His business has grown a lot this year.” Ta biyar a guji “ing” biyu a jere: “The price of maize is continuing to rise”, ko a sauƙaƙe a ce “keeps rising”. Ta shida harshen ofis ne da tafiya zuwa wuri: “After payment, proceed to Room 3.”

In ka ci huɗu cikin shida, koma kan biyun da ka faɗi ka duba wace tambaya ce ka tsallake: ta “da”, ta tsayawa, ko ta wanda kake magana da shi. Daga nan sai ka buɗe labari ɗaya a jaridar Turanci ta yau, ka ja layi ƙarƙashin duk “continue”, “resume”, “proceed”, “go on”, “carry on” da “keep” da ka gani, ka rubuta a gefen kowace kalmar Hausar da za ka sa a wurinta: koma, wuce, dinga, zarce, ɗora, ko ci gaba da.